Sandar Kumandan Mai Hula

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar Lahadin da ƙaryata ta biyo sawuna har rumfar Idi mai shayi, ta same ni zaune da kofi a hannu. Lokacin sojoji ne ke riƙe da ƙasa, kowa a garinmu Gaya, nan bakin gadar iyaka, ya koyi rage murya in motarsu ta gitta.

Bari in fara da ƙaryar. Ina saurayi na yi aparanti, wato yaron mota, a bayan kamyo, muna ɗauko kaya daga bakin teku. Wata rana motarmu ta lalace a wajen garin Lome, daidai shingen wani fili mai ciyawa kore shar, inda Turawa ke dukan wani ɗan farin ƙwallo kamar ƙwan zabo da dogayen sanduna. Golf sunan wasan. Na yini ina hangen su ta cikin waya har makanike ya gama gyara. Iyakar sanina ke nan. Amma da na dawo gida sai yinin nan ya yi ta girma a bakina, ya zama wata, ya zama shekara, har na kai ga cewa ni ke riƙe wa wani babban Bature jakar sanduna, kuma ba ya bugu sai ya nemi shawarata. (Lakwal, makarantar boko ke nan, ban yi nisa ba aka kore ni, amma da ana ba da takardar ƙarin gishiri da tuni tawa na rataye a bango.)

Duk ƴan fadarmu sun haddace labarin. Sumaila masunci, abokin wasana mutumin Dendi, shi kaɗai ke cewa, "Tsohon banza, kai da ko taɓarya ba ka iya riƙewa!"

Ana nan sai aka turo sabon kumandan, aka ce duk rumfar da ta matso bakin gudron, wato titin kwalta, za a rushe ta. Muka wayi gari da jan fenti a jikin ginshiƙin rumfar Idi. Idi kuwa ba shi da gona, ba shi da jirgi, rumfar nan ita ke ciyar da gidansa. Shayinsa ma ya daina daɗi saboda damuwa. Sai labari ya zo cewa kumandan ya yi karatun soja a waje, ya dawo da jakar sanduna, kowace Lahadi yana zuwa filin bakin kogi yana dukan farin ƙwallo. Duk idanun fada suka juyo kaina.

"Baba," in ji Idi, "Allah ne ya kawo ranarka. Na riga na gaya wa sarjan da ke shan shayi nan. Ka je ku yi wasanku, in ransa ya yi fari ka sa masa maganar rumfa."

Na ce gwiwata na ciwo. Na ce sandunan yanzu ba irin na zamaninmu ba ne. Ina cikin neman dalili na uku motar soja ta tsaya, sarjan ya leƙo ya ce, "Ina tsohon Lome?" Sumaila ya nuna ni da hannu biyu, Allah ya saka mini.

A bayan motar nan na karanta duk abin da na sani, har da wanda ban tabbatar da ƙarshensa ba. Tunanina ɗaya: mutumin da ya yi wa kumandan ƙarya a zamanin soja, ina ake kai shi? Kuma in aka kai ni, rumfar Idi fa?

Muka same shi a wani fili mai taurin ƙasa tsakanin kogi da gonakin shinkafa. Dogo ne, ba ya yawan magana, irin mutanen da murmushinsu ya fi tsawarsu ban tsoro. Tunda babu ciyawa, wani ɗan guntun kafet kore yake shimfiɗawa ya ɗora ƙwallon a kai. Can nesa an kafa gora da jan ƙyalle. Iska kuwa daga kogi take busowa, tana dukan fuskarmu.

"Baba, an ce kai tsohon hannu ne," ya ce. "To raba mini gardama. Ka ga nisa, ka ji iska. Wacce zan ɗauka?"

Ya zaro sanduna uku ya jingina su a jikin mota. Ta farko siririn ƙarfe ce, kanta tsirara kamar bakin fartanya. Ta biyu, wadda ya kira ibrid, tana sanye da ƴar ƙaramar hula. Ta uku, wadda ya kira buwa, ƙaton kai gare ta, an rufe shi da wata hular saƙa mai tuntu, ta fi wadda nake zuwa idi da ita kyau.

Daga baya na san amsar da yake jira. Siririn ƙarfen shi ke korar ƙwallo ƙasa-ƙasa ya ratsa iska, amma sai gwani, don ba ya yafe kuskure. Ibrid ruwa biyu ce, tana rufa wa mai tsoro asiri. Buwa kuwa sama take ɗaga ƙwallo, ta kai nesa in iska na bayanka, in tana gabanka kuma ta mayar maka da kayanka. A ranar ban san ko ɗaya ba. Na dubi sandunan irin kallon da muke yi wa mutane a wurin suna: marar hula talaka ne, mai ƙaramar hula mai gari ne, mai tuntu kuwa sarki. A garinmu in aka dafa giwan ruwa, babba ake miƙa wa kan kifin. Yaya zan ba kumandan guda sanda mai kai tsirara a gaban yaransa?

"Mon kumandan," na ce, "wannan mai hular ita ce daidai da kai."

"A cikin wannan iskar?"

"Iska ba ta taɓa manya."

Ya dube ni sama da ƙasa. Sarjan ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Sai kumandan ya miƙo mini sandar ya ce, "Madalla. Nuna mini yadda Baturenka ke yi."

Jama'a, na so ƙasa ta tsage. Na karɓa na riƙe ta riƙon da na ga Sumaila na yi wa filafilin tuƙa jirgi. Hular kuwa ban taɓa ta ba. A Lome daga nesa na yi hange, ban ga ana tuɓe komai ba, kuma ni tun da aka haife ni ban taɓa cire wa babba hula ba. Na gyara tsayuwa, na karkaɗa ƙugu kamar yadda na ga Turawa na yi (wannan kam na iya), na rufe ido, na kai duka da duk ƙarfin da tuwon shekaru ya bar mini.

Na ji wani abu ya tashi fuu! Na buɗe ido na hango shi a sama, raina ya yi fari, na ce ashe ƙaryar ma gaskiya ce. Sai na ga abin yana da tuntu. Hular ce. Ta yi sama, iska ta kwashe ta, ta faɗa tsakiyar taɓon shinkafa. Kafet ya yi nasa wuri. Ni kuma sandar ta juya da ni na zube zaune daɓas. Ƙwallon yana nan kusa da ƙafata, a ƙasa, ko tafiyar kaza bai yi ba.

Babu wanda ya yi tari. Sojoji ba sa dariya sai babbansu ya fara.

"A Lome haka ake yi?" in ji kumandan.

"Mon kumandan, a Lome babu iska."

Nan ya fashe. Ya riƙe ƙofar mota yana dariya har hawaye, sojoji suka samu izini suka bi. Daga cikin kogi kuma na jiyo wata muryar da na sani. Sumaila ne a jirginsa, ya biyo mu tun daga gari don kada komai ya wuce shi.

Ina zaune a ƙasan nan na ga ba sauran abin da zan rasa. Na faɗi gaskiyar shingen Lome, na faɗi maganar jan fenti da gidan Idi. Kumandan ya share hawayen dariya. Ya ɗauki siririn ƙarfen nan marar hula, ya buga, ƙwallo ya tafi ƙasa-ƙasa kamar an harba shi, ya gangara har kusa da gorar. Sannan ya juyo.

"Tun da ka riƙe sandar na gane. Rumfa ba za ta zauna bakin gudron ba, wannan doka ce. Amma ba za a rushe ta ba. Ku ɗaga ta da hannunku ku mayar bayan dalbejiya. Kai kuma je ka ɗauko mini hulata."

Na shiga taɓo har gwiwa, gwiwar da na ce tana ciwo. Da na kawo hular ya dube ta, ya dubi ni, ya ce in riƙe, ta zama tawa.

Kafin in iso gari Sumaila ya riga ni, har da nuna yadda na karkaɗa ƙugu. Muka ɗaga rumfa ranar da yamma, ana kirana Baturen Lome, sunan da har jikokina suka gada. Idi ya wanke hular nan, yanzu da ita yake kama hannun butar shayi in ta yi zafi, kullum safiya ina kallon tuntunta na lilo.

Ban daina ƙarin gishiri ba, tsufa ya hana ni koyon sabuwar sana'a. Sai dai yanzu kafin in buɗe baki nakan tambayi kaina ko abin da zan yi ƙarya a kansa zai iya hayo gada ya shigo Gaya. In zai iya, sai in kurɓi shayina in yi shiru.