Rasuwar Bajamushiya, Mai Ɗumama Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da suka ƙandare don sanyi, ni Nayif, a madadin iyalinmu na garin Ajlun da ke kan duwatsu, nake sanar da rasuwar Bajamushiya, na'urar ɗumama gidanmu. Ta cika ranar Talata da hantsi, a tsakiyar hunturu, tana da shekara biyu.

Ɗana Ziyad ne ya aiko da ita daga Jamus, bayan likita ya hana mahaifiyata, Hajiya Fidda, shaƙar hayaƙin kananzir saboda ƙirjinta. Ya haɗa ta da intanet don ya riƙa daidaita wa kakarsa ɗumi da wayarsa daga can. Marigayiya ba ta hayaƙi, ba ta mita. Iyakar maganarta "tik, tik, hmmm," sai ɗaki ya ɗau ɗumi. Laifinta ɗaya, ba a gasa burodi a kanta kamar tsohon murhunmu na kananzir, kuma Hajiya ta yafe mata.

Ciwon ajalinta daga hannuna ya fito, ba zan ɓoye ba. Ziyad ya sha ja min kunne a kan lambar sirrin intanet ɗin gidan. To mu a gidanmu baƙo ba ya neman abu a ce masa babu. Ranar bikin 'yar ƙanena na rubuta lambar da manyan haruffa, na manna a ɗakin baƙi, dab da butar gahawa. Mutum ɗari uku suka ci, suka sha, suka karanta.

Daga nan wani da ban sani ba ya shiga cikinta. Kwana uku yana wasa da ita, ta yi zafi kamar tanda, can ta huce, can ta sake ɗauka. Ni wawa na zaci Ziyad ne, har na kira shi na zazzage shi. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙirrr… fus." Mai gyara ya ce abin da ya ƙone sai an yo odarsa, ba kafin bazara ba.

Ta rasu ta bar bututan ɗumama ɗakuna guda shida masu sanyi, da alama a wayar Ziyad da har yau take cewa komai lafiya, da tsohuwa 'yar tamanin da huɗu wadda ta rantse sai a makara za ta bar gidan da mijinta ya gina. Likita ya ce ƙirjinta ba zai kai mako a sanyin nan ba, dole a saukar da ita kwari inda ake da ɗumi, wajen ƙanwata Nawal. Jiya tana tari ta ce min, "Sannu uban karamci! Ka ba gari lamba, ka ba uwarka tari."

Mai gwangwan zai ɗauki gawa ranar Alhamis bayan azahar, shi ne dai wanda na sayar wa tsohon murhunmu. Zaman makoki kwana uku a ɗakin baƙi, kowa ya zo da bargonsa. Motar da za ta kai Hajiya wajen Nawal za ta bi bayan ta mai gwangwan. Ta riga ta miƙo min makullin ɗakinta, ta ce in ba wanda na ga dama, tunda na saba.