Goyon da Na Kai Wasa

Daga Mirriya muka zo Damagaram kallon wasan wani mawaƙi, muka sauka gidan yayar maigidana a Zango. Tun a mota nake cika baki: "Ni ɗana ba ya ɓace mini a cunkoso."

Da la'asar kabu-kabu na jira, na suri yaro yana barci, na goya, na lulluɓe. Ana tsakiyar kiɗa ya fara kuka. Na sauke zan ba shi nono, sai ga 'yan kunne. 'Yar Yaya ce!

Muka komo a guje, na kasa ɗaga kai. Yaya na jijjiga ɗana, ta ce, "Amarya, musaya muka yi?"

Har yau in na yi sallama sai ta ce, "Ku ɓoye 'ya'yanku, ta iso."