Zabuwar Ya Falmata

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na yi wa zabuwar Ya Falmata kisan ƙauna ba. Har yau in na tuna sai na rufe fuska.

Ya Falmata maƙwabciyata ce a Diffa, dattijuwa, ta ƙetaro kogi daga Najeriya lokacin tashin hankali. Wata safiya ta leƙo da makulli a hannu, ta gaishe ni da yarensu.

"Wushe, ƴata. Zan tafi Yebi, ƙanwata ba lafiya. Ki kula min da zabuwata, tana cikin ɗaki."

Na ce an gama. Tana fita na ɗebi gero a kwano na nufi ɗakinta, ina leƙa ƙarƙashin gado ina kiran tsuntsuwa (Allah Ya rufa asiri ba kowa a gidan). Ashe zabuwar tsiro ce, alobera, mai kaurin ganye da ɗigo-ɗigon fari, zaune a tsohuwar tukunya a bakin taga. Sai a lokacin na tuna ta taɓa faɗa min cewa daga tsakar gidan marigayiya mahaifiyarta ta ciro ta ranar gudu, kuma ita kaɗai ce abin da ya rage mata na can.

To ni ƴar manomin tattasai ce, a bakin kogin Komadugu aka haife ni, ƙarar injin ban ruwa ce ta raine ni. A gidanmu in kana son shuka, ruwa kake ba ta. Da na taɓa ƙasar tukunyar na ji ta ƙeƙashe, har tausayi ya kama ni. Na ce, "Haba Ya Falmata, wannan ai zalunci ne!" Na shiga ban ruwa safe da yamma. Na ƙara da takin awaki. Na ma janye ta daga taga, wai kada rana ta wahalar da ita (ku ji fa, ni gwanar noma).

Da ganyen ya fara rawaya sai na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Da ya yi laushi kamar dafaffiyar kuɓewa sai gabana ya faɗi, na samo tsinke na tokare ta.

Ranar da ta dawo, matan unguwa suka cika ɗakin ana sannu da hanya. Ni kuwa bakina bai iya shiru ba. "Ya Falmata, ko yini ɗaya ban bar ta da ƙishi ba." Ta kalle ni, ta kalli tukunyar, ta kai yatsa ta taɓa. Zabuwa ta kife gaba ɗaya, gindinta ya ruɓe, wari ya tashi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Hawaye suka zubo min, na durƙusa ina ba ta haƙuri. Idonta ya kaɗa. Can sai ta yi wata ƴar dariya.

"Ni da ita mun yi tafiya a daji, tana ƙulle a bakin zanena, ba ruwa ba ƙasa, ba ta mutu ba. Sai da ta faɗa hannun mai sonta."

Mata suka kwashe da dariya, ni kuma kukana ya ƙaru. Ta sa hannu cikin taɓon tana tonawa a hankali, sai ga ƴaƴa biyu ƙanana a gefe, ruɓa ba ta kai gare su ba. Ta goge su da gefen mayafi, ta ajiye a inuwa su sha iska. Bayan sun bushe muka dasa su a yashin kogi, kowanne cikin gwangwanin tumatir da aka huda gindinsa. Ta miƙo min ɗaya.

"Ni kuma? Bayan abin da na yi?"

"Ke ɗin. In tawa ta mutu, zabuwar mahaifiyata tana da wani ɗakin. Amma sai ƙasa ta bushe ƙamas za ki ba ta ruwa, kin ji ko?"

Tawa tana nan a bakin tagata, har ta yi ƴaƴa. Na koyi cewa wani son, janye hannu ne. Amma jinin gidanmu bai bar ni ba: duk lokacin da na wuce ta da buta, sai hannuna ya yi ƙaiƙayi, in ce mata, "Yi haƙuri, don ina sonki ne zan bar ki da ƙishi."