Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Yanyawa a Lambun Albasa

Kai da ka sayi waya mai ido uku a baya, amma har yau ba ka ɗauki komai da ita ba sai fuskarka da ragon Sallah, matso kusa. Sunana Zayyanu, ni ne mai hoto a rumfar da ke kusa da masu kifi a kasuwar Goronyo. Duk ɗan fasfon da ka gani a yankin nan da kunnuwa biyu a fili, daga hannuna ya fito. Ban taɓa ɗaukar hoton naman daji ba, amma na koyar da wanda ya ɗauka, kuma wannan ya fi wuya.

Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan daki-daki za ka sami hoton yanyawa, 'yar dabbar nan mai manyan kunnuwa da wutsiya buzu-buzu da ke haƙa rami a gefen lambu. Ɗalibina Mode, ɗan wan babana, ya bi su kuma ya samu.

Mataki na ɗaya: Nemi dalili mai nauyi

Kada ka ce wa kowa don sha'awa kake yi. A ƙauyenmu magidancin da aka gani kwance a ƙasa yana leƙen rami don sha'awa, rubutu za a fara ba shi ya sha.

Shi Mode dalilinsa ne ya zo ya same shi har gida. Kajin matarsa Bara'atu suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, da sassafe, da zarar an buɗe akurki sun fita kiwo wajen lambu. Bara'atu ta ce Duna ne, baƙin karen Manu. Manu makiyayi ne, rugarsa na bakin fadama, kuma abokin Mode ne tun suna yawo ba wando. Shanunsa ke kwana a gonar Mode bayan girbi su bar masa taki, albasar Mode kuma ba ta yankewa a tukunyar Maimuna matar Manu. Kullum bayan la'asar suna gindin tsamiya suna musu a kan abin da dukkansu ba su sani ba.

Matan unguwa suka goyi bayan Bara'atu, magana ta kai gaban Maigari. Ya ce in ta tabbata kare ne, ko a kashe shi ko Manu ya tashi da rugarsa.

Manu ya ce, “Ranka shi daɗe, a wanga zamani Duna shi ad idona in na yi kwana. Ba ni kashe shi. In tashi na, sai in tashi.”

Mode ya yi zumbur ya ce, “Yanyawa ta! Na gan ta da idona!”

Maigari ya ce, “Idonka abokin Manu na. Kawo muna hoto nan da ranar kasuwa.”

Ka ga irin dalilin da nake nufi. In ba ka da aboki da ake shirin kora, yi haƙuri har ka samu.

Mataki na biyu: Gyara wayarka

Fara da share tarkace. Wayar Mode cike take da hotunan buhunan albasa da ya tura wa dillalai, ba inda ko kunnen yanyawa zai zauna. Sai ka goge idon wayar da gefen riga mai tsabta. Idon tasa na same shi da yauƙin miyar kuka, shi ya sa duk wanda ya ɗauka yake fitowa kamar ana hadari.

Kashe fitilarta, ka kashe ƙararta. Na nanata masa wannan har bakina ya bushe. Washegari yanyawa na leƙo kai daga rami, wayar ta ɓarke da kuka, wani dillali ne daga Wurno ke tambayar albasa. Kuma ya amsa kiran. Da na yi masa faɗa sai ya ce ai ba kyau mutum ya kira ka ka ƙyale shi. Tun a nan na san zan sha wuya da ɗalibin nan.

Mataki na uku: Zama tarin kara

Yanyawa ba ta tsaya wa mutum, amma ba ruwanta da kara. Sami tsohuwar zana da damin karan gero ka yi ɗan ɗaki kusa da ramin, inda iska ke busowa daga wajenta zuwa wajenka. Ka shige bayan sallar asuba, kafin a buɗe akurki.

Kada ka sa turare. Hancinta ya fi na uwar miji a ɗakin girki. Murza ganyen albasa ka shafe jikinka har bayan kunne. Masana sun tabbatar dabba ba ta guje wa mai warin albasa, matarsa kaɗai ke yi. Mode a zaure ya riƙa kwana.

Auna ɗakin daidai tsawonka. Na Mode da jikina na auna masa, shi kuma sai ya fi ni tsawo, wanda wannan laifinsa ne. Ko ya ya takure, ƙafafunsa biyu suna waje.

Sannan ka je ka sanar da 'yan sa-kai. Wannan ba wasa nake yi ba. Mutum kwance cikin kara da waya a hannu a yankinmu yanzu ba a yi masa kyakkyawan zato. Mode ya je ya faɗa musu, suka yi dariya har da riƙe ciki, suka ba shi izini. Kafin azahar ba wanda bai san inda maɓoyarsa take ba.

Mataki na huɗu: Daina amsa gaisuwa

Nan ne yawancin ɗalibai ke faɗuwa. Yanyawa ta saba da masu wucewa, ta saba da jaki da injin ban ruwa. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne tarin kara mai amsa sallama.

Tunda kowa ya san Mode na ciki, ba mai wucewa bai gaishe shi ba, don ba a wuce magidanci haka kawai. Sai ka ji an tsaya a bakin lambu.

“Salamu alaikum, Mode! An kwana lahiya?”

“Lahiya lau,” in ji tarin kara.

“Ina gajiya? Ina ban ruwa? Ina mai ɗaki? Ta hito kuwa?”

“Ta hito, ta koma.”

“To, Allah shi ba da sa'a.”

“Amin. A gaida gida.”

Hotunan da ya kawo mini na kwanakin nan, na ga bakin wutsiya, na ga ƙura, na ga ƙafar jakin wani. Akwai ɗaya mai kyau ƙwarai, ya fito tas, amma hancinsa ne, don ya juya idon wayar bai sani ba.

Ana gobe kasuwa ya zo rumfata ya zauna a kan bencin da nake zaunar da masu fasfo. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya ce ya biya ta ruga ya tarar Maimuna na ɗaure ƙore, Manu kuma ya fara cire turaku.

Ya ce, “Zayyanu, in Manu yat tashi, ni da wa za ni zamna?”

Tausayinsa ya kama ni, amma malami ba ya nuna tausayi. Na ce masa gobe ko Maigari ne ya yi sallama, ya amsa a zuci, ya biya daga baya.

Mataki na biyar: Danna, ko wa ke magana

Gari ya waye, rana ta fara leƙowa ta bayan bishiyar dogon yaro. Sai ga yanyawa ta biyo hanyar ruwa tsakanin fangulan albasa, da farar kazar Bara'atu a baki. Mode ya ɗaga waya a hankali.

Sai aka yi sallama daga bakin lambu. Ba kowa ba ne sai Baba Mu'azu, mahaifin Bara'atu. Mutumin da Mode ke tuɓe wa takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, bai tashi sai an ce ya tashi.

“Salamu alaikum, Mode.”

Yanyawa ta tsaya cik, ta miƙe kunnuwa, ta juyo da fuska. Hasken safiya ya sauka a kanta kamar ni na shirya shi.

“Mode! Da kai nika magana!”

Daga baya Mode ya ce mini a lokacin zufa har cikin idonsa, amsa ta zo masa iya wuya yana haɗiye ta. Ya cije leɓe ya danna.

Baba Mu'azu ya matso, ya ga ƙafafu biyu sun fito daga kara, ko motsi ba sa yi. Bai taɓa yi wa surukinsa sallama ta faɗi ƙasa ba, don haka bai yi wani dogon tunani ba.

“Inna lillahi! Maciji ya sare shi!”

Ya yar da sanda ya nufi gari da gudun da ba wanda ya san yana da shi.

Mataki na shida: Duba hotonka kafin jama'a su duba

Wannan matakin ban koya wa Mode ba, don ban san ana bukatarsa ba sai ranar.

Yana kwance yana jiran numfashinsa ya dawo, sai ga gari ya taso. Ga Maigari, ga 'yan sa-kai, ga mai maganin maciji da jakarsa. Ga Bara'atu ba takalmi, hijabi a baibai. Ga Manu ya yanko ta cikin fadama. Ga ni, don a gida na kwana. Tarin kara ya motsa, Mode ya rarrafo waje yana ɗaga waya.

“Na samu! Ranka shi daɗe, na samu!”

Mata suka fasa kukan da suka fara. Aka kewaye shi, ya buɗe hoton a gaban kowa, ina tsaye a kafaɗarsa.

Maganar gaskiya, hoto ya yi. Ga yanyawa tsaye, ga kaza a bakinta, har gashin bakinta ana gani. Na buɗe baki zan ce ɗalibina ne, sai idona ya kai kusurwar ƙasa ta hagu. Can bayan darni, ga Duna a guje, da kaza mai wake-wake a bakinsa. Ashe aikin na mutum biyu ne, kowa da rabonsa.

Da ni da wayar kaɗai ne, kafin ka ƙifta ido na yanke gefen. Amma ga idon gari duka a kanmu. Mode ya ɗora babban yatsansa a kan kusurwar ya danne.

Maigari ya sunkuyo ya ce, “Ɗauke yatsa mu gani da kyau.”

Mode ya ce, “Ranka shi daɗe, in na saki, hoton gudu shikai. Haka wagga waya take.”

Maigari ya dube ni, ni da na san waya. Na gyaɗa kai kamar likita.

Ya ce, “To. Bara'atu, kajinki na, ke ad da magana. Zo ki duba.”

Ta zo ta tsaya. Ta dubi hoton, ta daɗe tana dubawa. Ta dubi yatsan mijinta da ke rawa, ta ɗaga kai ta dubi Manu.

Ta ce, “Yanyawa ta, ranka shi daɗe.”

Maigari ya ce magana ta ƙare, Manu ya mai da turakunsa.

Mataki na bakwai: Kada ka ɗauka kai ka fi kowa wayo

Manu ma ya leƙa hoton, ya juya ya koma ruga. Washegari aka ga Duna ɗaure da igiya a gindin turke, Maimuna kuma ta shigo gidan Mode da ƙwaryar nono da 'yan kaji cikin kwando, ta ce haka kawai ta ga ya kamata. Samari sun je su tura wa yanyawa hayaƙi a rami, suka tarar ta riga ta kwashe ta bar unguwar. Ita kaɗai ce a labarin nan ba ta jira hukuncin Maigari ba.

Mode ya yi ta yawo yana jin ya rufe idon duniya da yatsa ɗaya. Sai da ya zauna cin tuwo, Bara'atu ta ajiye masa ruwa ta ce, “Mode, yatsanka bai kai kare hwaɗi ba. Wutsiyatai na waje.”

Loma ta tsaya masa a hannu. Ya ce, “To mi yah hana ki hwaɗi?”

Ta ce, “An ce min ka mutu, na yi gudu ba takalmi. Na iske ka da rai, hannunka na makyarkyata don abokinka. Sai in kunyata ka gaban Maigari kan kaza? Ci tuwonka. Kuma ka yi wanka kahin ka shigo min ɗaki.”

Sanarwa ta musamman

Ni Zayyanu mai hoto ba ruwana da duk abin da ya same ka a dalilin bin waɗannan matakai. In kunama ta harbe ka cikin kara, tsakaninku ne. In matarka ta mai da kai zaure, albasa ce ta jawo, ba ni ba. In surukinka ya yi fushi, kada ka aiko mini in je ban haƙuri. Mode har yau kullum sai ya je ya durƙusa ya yi sallama a ƙofar Baba Mu'azu, sai a aiko daga ciki a ce Baba ba ya iya amsawa, yana ɗaukar hoto.

In kuma hotonka ya fito da abin da ba ka nema ba, kawo rumfata in yanke maka gefen, amma ka yi shawara tukuna. Na ce wa Mode ya kawo nasa in cire karen kowa ya huta. Ya buɗe hoton ya daɗe yana kallon kusurwar, sannan ya mai da wayar aljihu.

Ya ce, “Bar shi nan. In ka yanke shi, mancewa zan yi da abin da Bara'atu tay yi min.”