Dutsen da Wanka Ɗaya Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma miƙa wuya ga abin da ya riga ya faru, ni Addi u Bassu, wato ɗan Bassu, makiyayin raƙuma a da, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da dukkan masu neman duwatsun sama na garuruwan Arfud da Risani rasuwar abokin zamana, ɗan baƙin dutsen nan da muke kira Baƙo. Ya cika ranar Alhamis da hantsi a cikin daron wanke-wanke, bayan gajeriyar jinya da ba ta kai tafasar shayi ba.

Marigayin ya sauka a wurinmu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ina kiwo bayan la'asar, ba hadari ba iska, sai sama ta ce dum! dum! Sannan wani fiiii ya biyo baya, raƙuma suka watse. Na same shi kwance a ɗan ramin da ya haƙa wa kansa. Tun daga wannan sallamar bai ƙara cewa uffan ba, shi ya sa jininmu ya haɗu.

Bai wuce dunƙulen hannu ba, kuma ba shi da nauyin da girmansa ya yi alkawari. Baƙi ne ƙirin, bayansa kamar ƙanzon tukunya, cikinsa da ɗigo-ɗigon fari kamar an barbaɗa gishiri. Yana da ɗan wari irin na kwalta, wanda ni na saba da shi, iyalina ba su saba ba. Mai wadatar zuci ne, ba ya kwaɗayin ƙarfe, kuma wannan halin ne ya jawo mana abin da ya jawo. Ranar da na kai shi wurin Si Lahsan dillalin duwatsu, ya kara masa maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, marigayin ko motsi.

"Baba Addi, dutsen sama na gaske tsalle yake ya rungume maganaɗisu," in ji shi. "Wannan gawayi ne, kai wa matarka Tuda ta dafa maka shayi da shi."

Daga ranar sunana ya koma Mai Gawayi. In na shiga kasuwa sai ka ji, "Mai Gawayi, sama ba ta ƙara aiko da buhu ba?" Ban taɓa tankawa ba. Na dai shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, don in karanta da idona abin da aka rubuta a kan irinsa. Burina ɗaya ne, a ce ban yi ƙarya ba.

Ga yadda ajali ya zo. 'Yarmu Yamna ta aika hotonsa ga wata malamar jami'a da ke can bakin teku, malamar ta ce tana tafe ranar Alhamis. Na fita bakin titi tarbarta. Matata Tuda kuwa, kamar kowace mace mai mutunci da ke jiran baƙuwa, ta kakkaɓe darduma, ta goge butar shayi, ta wanke kofuna. Sannan ta kwance tsohon rawanin da Baƙo ke kwana a ciki, ta ga ya baƙanta mata yatsu.

"Mace ta taso tun daga bakin teku ta tarar da wannan ƙazamin a gidana? Ba da ni ba."

Sai ta tsoma shi a daron wanke-wanke. Daga baya ta ce mini da ruwan ya taɓa shi ya yi wani siririn sssss, 'yan kumfa suka taso. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe. Kafin ta ɗauko soso ya narke kamar sukari a shayi.

Da muka iso gida, malamar ta durƙusa gaban daron ta daɗe. Ta shafa taɓon, ta shinshina, ta duba da ɗan gilashinta.

"Baba, gaskiyarka ce. Ɓalli ne daga manyan baƙaƙen duwatsun nan masu sinadarin gawayi da ke kewaya rana garke guda. Ya girmi ƙasar da muke takawa. Irinsa kaɗan ne, kuma ba sa shiri da ruwa."

"To ai gawayin ne dai," in ji Tuda, da ƙaramar murya.

Na roƙi malamar ta rubuta mini a takarda in kai wa Si Lahsan. Ta girgiza kai.

"Ba zan iya sa hannu ba, Baba. Sabulu ya shiga ko'ina. Abin da na faɗa, da baki na faɗa."

Ta ci abinci kaɗan, ta koma.

Marigayin ya rasu ya bar rawani ɗaya da wanki ba zai ƙara fitar da shi ba, da dangi masu yawa a sama waɗanda ba mu san yadda za mu kai musu labari ba, da sunan Mai Gawayi wanda yana nan cikin ƙoshin lafiya. Ya kuma bar Tuda, wadda ta shekara arba'in tana wanke duk abin da na shigo da shi gida ban taɓa ƙorafi ba, kuma ba yau zan fara ba. Duk wanda ya zo ta'aziyya da niyyar ganin laifinta, ya yi zamansa a gida.

Abin da ya saura mun shanya shi a rana, ya cika kofin shayi ɗaya. Za a mayar da shi ramin da ya fara sauka ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, sannan a dawo gida a ci kuskus. An keɓe wa Si Lahsan da mutanen kasuwa dardumar gaba. Tun da babu takarda, kuma mu biyu ne kaɗai muka ji bakin malamar, Tuda ce za ta tashi a gaban jama'a ta maimaita abin da aka faɗa. Ta yarda, amma da sharaɗi.

"Zan faɗa, Addi, ba zan rage ko kalma ɗaya ba. Amma zan ƙara musu da cewa shekara goma sha ɗaya kana ajiye da shi, ko sau ɗaya ba ka goge masa jiki ba."

Na amince da sharaɗin.