Ranar da Aka Yi wa Piyano Fenti

Jiya na dawo gida da layuka uku na farin fenti a bayan rigata. Matata Zulaihatu ta juya ni ta duba, ta ce, "Malam, taron ka je, ko kai ma ƙaddamar da kai aka yi?" Shekara talatin na yi ina masinja, sai da na kai arba'in da shida na koyi karatu a ajin manya, saboda haka saurare ya fi mini sauƙi a kan amsa.

Maƙwabcina na Demsawo ne ya kai ni, Malam Zadok, tsohon malamin kiɗa. Shekara goma sha tara yana rubuta wasan kwaikwayo guda ɗaya, irin wanda ake yi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, a kan wani matuƙin kwalekwale a Binuwai. Ta katanga na ji wasan nan yana girma. Ba a taɓa yin sa a gaban jama'a ba. Kunnen Zadok na hagu ya riga ya rufe, na daman kuma likita ya ce kada ya yi dogon shiri da shi. Burinsa ɗaya ne: ya ji wasan sau ɗaya, cikakke, kafin shiru ya iso.

Wasan yana son piyano, piyanon kuwa yana kulle a zauren wata hukuma da ba zan faɗi sunanta ba. Shekara shida yana rubuta musu takarda. Kwatsam sai aka aiko masa: Mai Girma Sarkin Almakashi, gwanin yanka zare, zai zo buɗe zauren bayan gyara, ana neman abin nishaɗi.

Kun san yadda muke tarbar manya a garin nan. Duk abin da ba ya motsi, fenti. Duwatsun bakin titi, gindin bishiya, turken wuta. Na san wani maigadi da ba ya yarda ya yi gyangyaɗi a irin wannan mako.

Ƙarfe tara muka sauka daga keke napep, ni da Zadok. Edna, wadda ke jan waƙa, ta riga mu isa, ita da Rhoda mai ba da amshi da matan zumunta goma sha takwas. Muka tarar da piyano fari fat. Har baƙaƙen maɓallan. Zadok ya danna ɗaya, ya shiga bai dawo ba. Ya danna na kusa da shi, wannan ko shiga bai yi ba.

Wani jami'i mai kati a wuya ya sheƙo. "Baba, kada ka taɓa, bai bushe ba!"

"Ɗana, wa ya ce a shafa har nan?"

"Umarni ne daga sama, komai ya zama kala ɗaya. Ai da waɗannan baƙaƙen kamar ruɓaɓɓun haƙora suke. Yanzu dubi yadda ya fito."

Gaskiya ya fito. Ni dai na yaba. Ban taɓa ganin aikin hukuma da ya kai kowane lungu haka ba, bai bar kowa a baya ba.

Mai Girma ya iso biyu da rabi. Da aka gama gaishe da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, sai ya buɗe jawabin da aka rubuta masa, ashe tarihin wani Bature ne ɗan Ingila, mai tsara kiɗan wasan kwaikwayo. Na saurara sarai. An haife shi a wani gari mai yawan ruwan sama. Yana shekara bakwai uwarsa ta zaunar da shi gaban piyano. Wasansa na farko ko mako bai yi ba aka rufe, ya koma koyarwa. Na uku ya yi shekaru ana layin kallonsa. Ya rubuta fiye da ashirin, ya tsufa ana miƙe masa in ya shigo zaure. Minti arba'in ina kasa kunne in ji inda aka yi wa piyanon Baturen nan fenti. Ba a zo wurin ba.

Can Mai Girma ya cire tabarau ya dube mu cikin takaici. "Ina namu? Me ya sa ƙasar nan ba ta haifar irin waɗannan mutane?"

Zadok ya juyo mini da kunnen dama. "Hamma Bobboyi, me ya ce?"

"Cigiyarka yake yi."

"To gaya masa ina nan."

"Ba a ɗaga hannu a jawabin manya."

Aka yanka zare. Aka shimfiɗa hankici a kan piyano, Mai Girma ya ɗora hannu aka ɗauki hoto. Ya fita, janareta ya bi shi, don tare suka zo. Mai gabatarwa ya sanar, da bakinsa tunda lasifika ta mutu, cewa an ɗage nishaɗi saboda ƙurewar lokaci. Masu kujerun haya suka fara tattarawa, wasu da mutane a kai.

Zadok ya haɗa takardunsa ya sa a jaka a hankali.

Edna ta tare shi. "Baba, ina za ka? Wata huɗu muna ƙona tuwo saboda kwalekwalen nan naka. Yau sai ya ƙetare."

"Babu piyano, 'yata."

"A tsakar gidanka da piyano muka koya?"

Rhoda ta jawo bokitin fenti da ya ƙare, ta kife shi, ta gwada da tafin hannu. Abin zama ɗaya ya rage a zauren, wani benci da kowa ya guje wa don bai bushe ba. Nan suka zaunar da shi. Na ga bai dace dattijo ya ɓata riga shi kaɗai ba, na zauna kusa da shi. Matan nan ashirin suka taru a gefensa na dama, suka fara.

Awa ɗaya da minti arba'in. Masu kujeru suka sauke guda huɗu suka zauna. Mai riƙe da makullai ya yi ta kaɗa su a bakin ƙofa, daga baya na lura da kiɗan bokiti yake tafiya.

A keke, da muka wuce Bekaji, Zadok ya ce, "Edna ta sauke murya a waƙa ta bakwai. Rhoda kuma sauri take yi."

Na ce, "Ashe ka ji."

"Na ji duka." Ya juya yana kallon titi, ya ce warin fentin nan ne ke sa masa hawaye.

Da safen nan na ji ana yabon hukumar, wai ta farfaɗo da piyano. Allah ya ƙara basira. Roƙona ɗaya gare ku: kada wanda ya gaya musu kunnen Malam Zadok na neman gyara. Na leƙa bayan zauren, akwai sauran bokiti biyu.