Ranar Da Na Ce Zan Kashe Ebiyes

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da kewar mahaifiyata ta kusa sa a ɗaure ni a bakin kasuwar Ƙanƙara, kuma ba kowa ya jawo mini ba sai bakina.

Ni malamin firamare ne a Ƙanƙara, amma asalina ɗan wani ƙauye ne a bayan Damari, can ƙasar Sabuwa. Tun da 'yan bindiga suka lalata hanya, danginmu suka watse, kowa ya kama inda ya samu. Inna kuwa ta ce ba inda za ta. Rumbunta yana nan, kabarin Baba yana nan, in an gaji da fitina za a same ta inda aka bar ta. Mota ta daina shiga, 'yan kabu-kabu kuma da ka ambaci sunan garinmu sai su ce mai ya ƙare. Haka na yi ta ɗaga tafiya daga wannan hutu zuwa wancan, har na fara manta irin ƙarar da ƙyauren gidanmu yake yi in an tura shi.

Kewa kam na sha ta. Wata rana ina cikin aji wata mata ta wuce ta bayan taga da ƙwaryar daddawa a ka, ƙamshin ya shigo, wallahi sai na tsaya da alli a hannu na rasa abin da nake koyarwa. Tun a ajin na yanke shawarar sayen babur nawa na kaina, duk ranar da aka ce hanya ta yi sauƙi in buga in je, ko wuni ɗaya ne in ga Inna.

To, ni ina da wata cuta, ko allura zan saya sai na yi bincike. Na duƙufa kallon bidiyon masu hawan babur a duwatsu, har na gamu da wani birki da suke kira Ebiyes. Wai in ka taka shi da ƙarfi ba ya barin taya ta ƙame ta kwashe ka ƙasa. Suka ce a kwalta babu kamarsa, amma a yashi da tsakuwa gara a ce akwai maɓallin kashe shi, don wani lokaci ƙamewar tayar baya ce ke tsayar da mutum. (Ni da rabona da tuƙa babur tun na wani abokina da na shige da shi cikin shingen gonar rogo.) A nan kuma na koyi dabarun ciniki: kada ka nuna kana so, ka nuna akwai masu saye a bayanka, in an ƙi sallama maka ka juya ka tafi, za a kira ka.

Ranar kasuwa na sa baƙin tabarau, na naɗa rawani don ƙura da kwarjini, na nufi shagon Alhaji Mamman mai babura. Dattijo ne mai fara'a, bai san ni ba, ni ma a ranar na fara shiga wurinsa. Muka gaisa, ya ce in zaɓa. Na zagaya baburan ina taɓe baki, ina harbin tayoyi da ƙafa kamar wanda ya sayi ɗari ya sayar.

Na ce, "Alhaji, wanda zai iya daji nake so. Yashi, kwazazzabo, bakin rafi, duk ya wuce. Tanki babba, don inda za ni babu gidan mai. Kuma ba na son mai ƙara, wanda za a jiyo shi tun daga nesa."

Alhaji ya ɗan dube ni. Ya ce, "Wane dajin ke nan, Malam?"

Dabarar ciniki ta ce kada mai kaya ya san buƙatarka, don haka na ce, "Can ciki dai, ta wajen Faskari a gangara." Sannan na jefa ta biyu. "In ka yi mini farashi mai kyau, mu da yawa ne. Yaranmu duk irin wannan suke nema." (Yaran nan fa, in akwai su, 'yan aji huɗu ne masu cin gyaɗa a bayan allo.)

Na lura fara'ar Alhaji ta ragu, sai na ɗauka dabara ce ta fara ci. Na gyara tsayuwa na kawo babbar tambayata.

"Akwai Ebiyes a nan?"

"Wa?"

"Ebiyes. Ai na san ba kowa ya san shi ba. Ni dai sharaɗina ɗaya, da na shiga daji ina so in samu yadda zan kashe shi. A gari ba ni da matsala da shi, amma a daji dole in kashe shi."

Alhaji ya ce bari ya ɗan fita ya amsa waya. Da ya dawo na taya babur ɗaya, tayin da ni kaina na san na wulaƙanci ne. Ya ce albarka, idonsa na kan ƙofa. Na ce to shi ke nan, na juya na fita ina tafiya a hankali, kunnena a baya, ina jiran kira.

Kiran kuwa ya zo. "Malam mai rawani, dawo mana."

Daɗi ya kama ni. Na ce a raina, ka ga amfanin ilimi. Na juyo da murmushi har kunne, sai na ga ba Alhaji ne ya yi kiran ba. Shugaban 'yan banga masu tsaron gari ne, wani dogo da ake ce wa Malam Ila, da mutanensa a bayansa, kowa da gora. Kafin in ce wani abu masu hatsi da masu awaki sun bar kayansu sun kewaye mu, aka zaunar da ni a kan benci, aka ce in cire tabarau da rawani.

Malam Ila ya ce, "Wane ne Ebiyes, kuma mi ya yi maka da za ka kashe shi? Yaron wane ne a daji?"

Na ce birki ne. Wani daga baya ya ce, "Ka ji, har da Birki. Su biyu ne ke nan." Na ciro waya in nuna musu bidiyon, data ta ƙare. Na ce ni malamin makaranta ne, aka ce kowa ma haka yake cewa. Gumi ya jiƙa mini riga, ga iyayen ɗalibaina ina hango su a cikin taron suna leƙe.

Malam Ila ya ce, "To wurin wa za ka a dajin?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Wurin uwata."

Ya ce in kira ta, a buɗe murya kowa ya ji. Wayar Inna a jikin rumbu take rataye, don nan ne kaɗai sabis ke kamawa, kuma sau da yawa sai in yi ta kira ba ta shiga. Ranar, da yake Allah ya nufa in sha kunya har ƙarshe, bugu ɗaya ta ɗauka. Malam Ila ya gaishe ta da ladabi, ya ce an kama wani yana cewa ɗanta ne, kuma an ji shi yana cewa zai kashe wani Ebiyes.

Inna ta ce, "Wa, Ɗan Tsito? Yaron ga da ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya ce cikinshi na ciwo? Har ya yi gemu zakaran gidan ga na korar shi. Ku sake shi don Allah, kada ya yi maku kuka."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Sunan da na ɓoye wa duk mutanen Ƙanƙara, ga shi an shanya a gaban masu awaki. Ina cikin addu'ar ƙasa ta tsage in shige, sai na ji Inna ta sassauta murya, kamar ta manta akwai mutane.

"Kana nan? Ɗorawar bayan gida ta yi 'ya'ya bana sosai. Na yi maka daddawa na ajiye, har ta bushe na sake wata. Yaushe za ka taho?"

Abin da ta ce kada in yi, shi na yi. Ƙato da ni, da gemu, a kan bencin mai babura, na fashe da kuka har da majina, na goge da rawanin da na naɗo don in yi kwarjini. Dariyar ta mutu. Malam Ila ya kau da kai yana kallon wani wuri, daga baya na ji ashe shi ma tsohuwarsa tana wani ƙauye da ya daɗe bai taka ba.

Da taro ya watse Alhaji Mamman ya ja ni ciki ya ba ni ruwa. Ya ce, "Malam, da tun farko ka ce mini wurin tsohuwa za ka, ai da yanzu kana hanya." Ebiyes dai ba shi da shi, bai ma taɓa ganinsa ba. Ya fito mini da wani babur irin na kowa, mai birkin ƙafa da na hannu, ya faɗi farashin da ya fi wanda na yi niyyar tsayawa a kai sauƙi. Ko tayi ban yi ba. Ya ɗaura sabulu da sukari a baya ya ce a kai wa Inna.

Sai da na jira hanya ta lafa kafin na tafi. A yashin da ke gaban Damari na taka birki, taya ta ƙame, na sha ƙasa, na tashi na karkaɗe riga na ci gaba. Da na tura ƙyauren gidanmu ya yi ƙarar nan tasa, sai na tsaya na sake tura shi. Inna tana zaune a gindin rumbu, ta rame, ta ƙara tsufa fiye da yadda na bar ta a zuciyata. Ba ta tashi ba, kallona kawai take yi, sannan ta jawo tabarma kusa da ita ta ce in zauna.

Sai da na cinye tuwo ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Wai shi Ebiyes ɗin nan, kun shirya? Ko mi ya yi maka ka yi haƙuri, ɗan wani ne shi ma."

Na ce mun shirya, Inna.

Har yau a Ƙanƙara Malam Ebiyes ake kirana, masu awaki kuwa Ɗan Tsito. Hanyarmu wani lokaci ta buɗe, wani lokaci ta rufe, babur yana zaure a goge yana jira, ni ma ina jira. Abin da na koya dai shi ne, duk inda za ni ciniki yanzu, ko tumatir ne, tabarau yana aljihu, kuma tun daga sallama nake faɗin wurin wa za ni.